Sati Biyar Ina Jiran Bakin Wani Zaren Gilashi

Ɗumi na fara ji a cikin silifas ɗina na dama. Ina tsaye a teburin ƙulla burodi, a gidan burodin da nake aiki a Kakuri, hannuna cikin leda, sai na ji tafin ƙafata yana santsi kamar na taka kunu. Na ɗauka ruwan wanke farantai ne ya gangaro. Ko da na sunkuya, ashe jini ne, kuma ba ɗiga yake yi ba, tsartuwa yake daga saman idon sawuna, siriri, kamar an huda ledar ruwa da allura. Babu zafi ko kaɗan. Rashin zafin nan shi ya fi tsorata ni.

Blessing ce kusa da ni, 'yar Kafanchan da muka shekara uku muna tebur ɗaya.

"Rabi, kwanta a ƙasa."

"A nan? Ga gari ko'ina."

"Garin ne zai kai ki asibiti? Kwanta na ce."

Ta ja ni ƙasa, ta ɗora ƙafar a kan buhun fulawa, ta cire ɗankwalinta ta danne wurin da dukkan ƙarfinta. Ta ce haka suke yi wa mamanta a gida. Kafin a tsayar da keke jinin ya tsaya, aka kai ni asibiti aka ɗinke ni.

Na san ban kai shekarun rubuta tarihin rayuwa ba, ashirin da huɗu gare ni. Amma likita ta ce abin nan yana bin jini, to 'ya'yan da Allah zai ba ni wataƙila su gaji ƙafafuna, gara su gaji labarin tare da su. Sannan akwai maganganu biyu da ke yawo a danginmu waɗanda nake so in gyara tun ina tuna komai: wai Inna ce ta jawo mini ciwon, kuma wai Baba ne ya hana a yi mini aiki da wuri saboda taurin kai. Duka biyun ba haka aka yi ba.

Tun shekara biyu kafin ranar nan jijiyoyin ƙafata ta dama suka fara kumbura, suka murɗe daga bayan gwiwa zuwa ƙasa kamar an cusa igiya ƙarƙashin fata. Da yamma ƙafar sai ta yi nauyi. Ban ɗauke shi komai ba, ai wanda yake tsaye daga asuba zuwa la'asar dole ƙafa ta yi masa ƙorafi. Inna ce ta damu, don a gidanmu akwai Goggo Hauwa, yayar Baba, wadda haka tata ta fara har ta zama gyambo. Tun ina firamare Goggo take zaune a tabarma ɗaya a bakin ɗakinta, ƙafa naɗe da tsumma, ba ta zuwa biki ba ta zuwa gaisuwa. Inna ta ce mataccen jini ne ya taru, a yi ƙaho a zuƙe shi tun da wuri. Ta kira wanzamin da ya yi wa duk yayyena aski da kaciya, ya zo zaurenmu ya yi tsaga uku, ɗaya daidai kan jijiyar da ta fi tasowa. Biyu suka warke. Ta ukun ce ta fashe bayan kwana takwas.

A asibitin da aka ɗinke ni suka ce akwai likitar jijiyoyin jini da ke zuwa daga Abuja da na'urarta, ta yi Asabar da Lahadi ta koma, kuma mun yi sa'a a satin za ta zo. Ranar Asabar muka je ni da Inna. Likitar mace ce doguwa, mai magana a hankali, Hausarta ta Zariya. Ta shafa mini mai sanyi ta bi ƙafar da na'urar sikanin tun daga matsematsi har idon sawu, sannan ta juyo da allon ta nuna mana. Ta ce a cikin jijiya akwai 'yan ƙofofi da ke barin jini ya hau sama su hana shi dawowa. Nawa na jijiyar da ke kusa da fata sun saki, jinin yana hawa yana zubowa, shi ya kumbura ta. Sai Inna ta ce,

"Likita, ƙahon da na sa aka yi mata ne?"

"A'a, Mama. Ƙaho ya buɗe ƙofar da bai kamata ba, kada a sake. Amma ciwon ya riga shi zuwa da shekaru."

Ku riƙe wannan, da kunnena na ji.

Sai likitar ta faɗi maganin. Za a zura wani siririn zaren gilashi a cikin jijiyar ta hujin allura, a kunna hasken lesa, zafinsa ya ƙona bangon jijiyar daga ciki ta tsuke ta rufe, jinin ya koma bin babbar jijiyar da ke can ciki kusa da ƙashi. Ba yanka, ba kwana. Ta ce in mun shirya, gobe Lahadi da safe. Na fito kamar in yi tsalle, ina ta maimaita wa Inna a cikin keke, ba yanka fa Inna, ba yanka.

Baba ne ya tsayar da murnar. Shi makanikin injin saƙa ne a da, da masaƙa ta rufe ya koma walda, rumfarsa na nan bayan tsohuwar katangar masaƙar. Hannuwansa duk tabon wuta ne. Ya saurare ni har na gama, yana cin tuwo, sannan ya wanke hannu.

"Wuta kika ce. A cikin jijiya."

"Haske ne, Baba."

"Ni za ki gaya wa haske? Hasken da ke ƙona abu sunansa wuta. Shekara ashirin ina riƙe da ita, bututun ƙarfe ma in ka saki hannu kaɗan sai ta huda shi. Balle jijiyar mutum da ba ta kai kaurin ledar burodinku ba."

Inna ta ce ai likita ta san aikinta. Baba ya ce shi ma ya san nasa. Aka yi ta yi, yayana Kabiru yana cewa a duba a waya, Inna tana cewa ita ba za ta sake ganin jinin nan ba, ni kuwa hawaye kawai. Sai Goggo ta yi gyaran murya daga tabarmarta. Ita kaɗai ke kiran Baba da sunansa.

"Sule, zo ka ga."

Ta kwance tsumman a gabansa, abin da ba ta yi sai ita da Inna.

"Ni ba a sa mini wuta ba. Ga yadda aka tsira."

Baba ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago sai ya ce, "Zan je. Amma ban ce na yarda ba. Bakin abin nake so in gani."

Washegari ya sa farar shaddarsa ta Juma'a. Muna shiga, ko gaisuwa ba a gama ba ya ce,

"Likita, ki gafarce ni, ni mai walda ne. Tambaya ɗaya gare ni. Wutar nan ta ina take fita, gaba take harbawa ko gefe?"

Likitar ta ajiye biro ta dube shi da kyau.

"Baba, tun da na fara aikin nan a garin nan babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Kuma ita ce tambayar. Zauna."

Ta buɗe wani ɗan akwati ta fito da zare biyu, tsofaffi, waɗanda ta ajiye don nuna wa ɗalibai. Kaurinsu bai wuce na tsinken tsintsiya ba, amma suna lanƙwasuwa kamar igiyar caja. Ta jona na farko a na'urar, ta kunna ɗan jan hasken da ake saiti da shi, wanda ba ya ƙona komai, ta nuna shi a farar takarda. Ɗigo ɗaya ya fito, ja, a tsaye cak. Ta ce wannan shi ne tsohon yayi, an yanke bakinsa a miƙe, duk ƙarfin hasken gaba yake tafiya wuri ɗaya. Sai ta jona na biyu ta nuna a takardar. Babu komai. Na ce a raina ya lalace. Ta yi murmushi, ta naɗe takardar ta zama bututu, ta zura zaren a ciki.

Zobe. Jan zobe ne ya fito, ya zagaye takardar cif, ba gaba ba baya, kauri ɗaya ta kowane gefe. Ta ja zaren a hankali, zoben yana binsa yana saukowa. Wallahi ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, ni da aka ce in zauna in ɗaga ƙafa. A makaranta an koya mana haske a miƙe yake tafiya, har mun zana a littafi, ga shi yau wani ya zauna ya lallashe shi ya juya kwana a cikin abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta miƙo mana gilashin ƙara girma. A can cikin bakin an feƙe gilashin kamar kan fensir, hasken in ya zo ya bugi gangaren sai ya watsu gefe ta ko'ina. Sannan an rufe tsinin da wata 'yar hula ta gilashi, mulmulalliya, don kada ya taɓa nama. Ta ce in shafa su a yatsana. Na farko ya ɗan kama fatata kamar ƙaya. Na biyu ya zame kamar dutsen ado.

Baba ya karɓi gilashin ya daɗe, ya juya nan ya juya can. Sai na ga yana dariya shi kaɗai.

"To ai mu ma haka ne. Akwai bakin yanka, huji ɗaya a tsakiya, shi ke raba ƙarfe biyu. Akwai bakin gashi, hujoji a zagaye, shi kake sa wa bututu in kana so ya yi laushi ko'ina bai fashe ba. Wuta ɗaya ce, baki ne daban." Ya juyo gare ni. "Da wannan na yarda."

A nan ne likitar ta gyara zama. Ta ce dole ta gaya mana gaskiya: masu zoben sun ƙare jiya, mutum biyu ta yi wa aiki da su. Sabon da ya rage a leda mai miƙaƙƙen baki ne. Wannan na hannun Baba ya riga ya shiga jikin wani, ba zai taɓa shiga na biyu ba. Ta ce mai miƙaƙƙen bakin ba abin banza ba ne, ta yi shekaru tana aiki da shi kuma mutane sun warke. Sai dai ƙafata siririya ce, jijiyar tana dab da fata, shi kuma yakan taɓa bango ɗaya ya ƙona shi fiye da kima, wani lokacin ya huda, a samu taruwar jini da zafi mai yawa, ko ƙuna a fata. In kuma zan jira, zuwanta na gaba sai bayan sati biyar, kuma ba za ta iya yi mini alkawarin wurin ba zai sake fashewa ba.

"A yi yau," in ji Inna. "Don Allah a yi yau a huta."

Na dubi Baba, ina jiran ya yanke kamar yadda ya saba. Sai ya ajiye gilashin a tebur.

"Ni na ga abin da na zo gani. Ƙafarki ce, Rabi."

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan mintin ba, har ya fi na ranar jinin, don ranar jinin ba a tambaye ni komai ba. Ina jin wurin da ɗan tsinin nan ya kama yatsana. Na yi tunaninsa yana tafiya a cikin cinyata a makance. Na ce,

"Zan jira mai zoben."

Ni na faɗa. Baba bai ko gyaɗa kai ba. Duk wanda ya gaya muku shi ya hana, ku karanta masa wannan layin.

Jiran ya ci ni. Aka ba ni doguwar safa mai matsewa, aka ce tsayuwa wuri ɗaya ta haramta gare ni, in na zauna ƙafa ta fi ƙugu tsawo. Gidan burodi suka jira ni sati biyu, a na uku Blessing ta zo da kanta ta gaya mini an sa wata a teburina, ta ce gara in ji daga bakinta. Na yi kuka, don ina son wurin nan, ina son warin burodin farko da hayaniyarmu. Baba ya ƙera mini ɗan benci na ƙarfe na ɗora ƙafa, aka shimfiɗa mini tabarma kusa da ta Goggo. Mu biyu a jere, kowa da ƙafarta. 'Yan dubiya in sun shigo sai su dube ta su dube ni, su ce Allah ya sawwaƙe da wata irin murya. Shi kuwa Baba ya zama malamin lesa na Kakuri gaba ɗaya. Oga Emeka, makanikin da rumfarsa ke jikin ta Baba, ya zo gaishe ni da lemo ya ce,

"Rabi, ki warke da sauri abeg. Babanki ya zana mini zoben nan a ƙasa sau bakwai, kwastoma na tsaye."

A sati na huɗu wurin ya sake fashewa, da hantsi, ina fitowa daga wanka. Wannan karon na san abin yi, na kwanta a siminti na ɗaga ƙafar jikin bango na danne, ina kiran Inna. Ta zo ta karɓi dannewar. Ba ta yi faɗa ba. Abin da ta ce kawai, a hankali, kamar ba da ni take ba,

"Da yanzu an wuce wurin."

Ina kwance ina kallon sama ina tambayar kaina ko son abin mamaki ne ya ruɗe ni, na ga jan zobe a takarda na sayar da ƙafata. Har yau ba zan ce muku na tabbata zaɓin da na yi shi ne daidai ga kowa ba. Na dai san nawa ne.

Ranar ta zo. Kafin in shiga Baba ya ja ni gefe ya ce kada in bari a fara sai na ga bakin da idona. Na ji kunyar faɗa, amma likitar da kanta ta ɗago ledar ta yage ta a gabana ta kawo zaren dab da fuskata.

"Ki gaya wa Baba hular tana nan."

Aka sa mana tabarau masu duhu, ni da ita da nas. Allura ɗaya a ƙasan gwiwa, sai na ga tana tura zaren tana kallon allo. Ta ce a rage fitila, ta ce in ɗago kai in gani. Ga ɗan jan haske a ƙarƙashin fatata, kamar garwashi cikin toka, yana hawa cinyata a hankali. A cikin jikina. Tsoro da daɗi suka haɗe mini, na ce wa nas ɗin, kin gani kuwa, ta ce kullum tana gani kuma bai ishe ta ba. Likitar ta tsayar da shi ɗan nesa da mahaɗar babbar jijiya, ta auna, ta sake aunawa. Sannan aka yi ta yi mini allurar ruwan sanyi mai kashe zafi a gefen jijiyar, daga sama har ƙasa, don ya matse ta jikin zaren ya kuma kare fata. Wannan ne kawai ya yi zafi. Da ta taka abin kunnawa sai na'urar ta fara ƙara, ɗin, ɗin, ɗin, ita kuma tana jan zaren baya kaɗan kaɗan kamar mai zare lagwani. Ban ji ƙuna ba. Wani ɗanɗano kawai na ji a maƙogwaro, kamar na ƙanzo, ta ce haka ne, kada in damu. Kafin in gama karanta abin da nake karantawa a zuci ta ce an gama, in sauko in taka.

Na taka. Da ƙafata na fito na sami Baba da Inna a benci.

Sai dai likitar ta ce saura abu ɗaya. Wani lokacin jinin da ya daskare a jijiyar da aka rufe yakan leƙa cikin babbar, in ya ɓalle yana iya tafiya huhu. Ba kasafai ba, in ji ta, amma sai an duba bayan sati ɗaya kafin ta sallame ni. In yi ta tafiya, in ƙirjina ya yi zafi ko numfashi ya yi wuya a kawo ni nan take. Satin nan na zagaye tsakar gidanmu har Goggo ta ce ina sa ta jiri. Ko tari na yi sai in tsaya in saurari ƙirjina.

Asabar da ta zagayo, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, mai sikanin asibitin ya duba ni. Ita likitar tana Abuja, sai ya kira ta ta bidiyo ya juya wayar tana kallon allon. Ta ce ya danna nan, ya danna. Ta ce ya hau sama kaɗan, ya matse mini tsokar bayan ƙwauri. Ta ƙura wa allon ido. Ni kuwa na ƙanƙame ƙarfen gadon har yatsuna suka yi fari. Sai ta ce a juyo da wayar gare ni.

"Rabi, jijiyar ta rufe tun daga sama har ƙasa. Babbar kuma fes take, jini na wucewa, babu abin da ya leƙa. Kin tsira. Wannan ƙafar taki ce."

Na buɗe baki in yi godiya, sai wata tambaya ta riga ta fitowa, wadda ban gaya wa kowa ina ɗauke da ita ba. Tun ranar jinin farko a zaune nake sallah, da farko don an hana ni tsayuwa, daga baya don ina tsoron in na durƙusa wani abu zai ɓalle a ciki.

"Likita, yaushe zan iya yin sujada?"

Ta duba agogon hannunta.

"Saura awa biyu a kira azahar."